Gambo Sawaba: 'Yar kasuwar da ta sha ɗauri sau 16 kan kujerar da doka ta hana ta nema

A duk zaɓukan da aka gudanar a Arewacin Najeriya daga 1951 har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko a 1966, Hajiya Gambo Sawaba ba ta taɓa jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Ba ta kuma taɓa tsayawa takarar kujerar Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna ba. Dokar zaɓe ta wancan zamani ta keɓe wa maza abubuwan nan biyu.

Duk da haka, da wuya a sami wani cikin mazan da suka zauna a majalisar da ya sha wuyar da ta sha saboda waɗannan kujeru. Masu rubuta tarihinta sun ƙidaya cewa sau 16 aka ɗaure ta. An yi mata duka, an aske mata kai, an kore ta daga birnin Kano, kuma ba ta fasa ba.

Mace ce da karatun bokonta bai wuce firamare ba. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta kuma da albashin gwamnati, da sana'a ta riƙe kanta. Tarihinta darasi ne ga duk mai ƙaramin jari da ke tunanin neman kujerar majalisar jiha a yau.

Marainiya tun tana ƙarama

An haife ta ranar 15 ga Fabrairun 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Da yake ta biyo bayan tagwaye, sai ake kiran ta Gambo kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada, sunan kuma ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Ghana ne da ya zo Najeriya ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa, ya musulunta, ya zauna a Zariya. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga yankin Lavun da ke Jihar Neja ta yanzu. Gambo ta tashi a Zariya, garin da layin dogo ya tara ƙabilu iri-iri, musamman a Sabon Gari da Tudun Wada.

An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara 10, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku. Daga nan karatu ya tsaya.

Tun tana yarinya an san ta da shiga faɗan da ba nata ba. Idan ta ga babba ya danne ƙarami, sai ta karɓi faɗan ta mayar da shi nata. An ruwaito cewa yawan yagewar tufafinta ya sa mahaifiyarta ta koma ɗinka mata riga da yadi mai kauri irin na tamfol.

Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Mijin ya tafi ya bar ta da juna biyu, bai sake dawowa ba. Ta haifi 'ya mace tun ita kanta ba ta gama girma ba. Ta sake yin aure daga baya, amma aurarrakin ba su daɗe ba. Saboda haka a lokacin da ta fara hawa dandamali tana sukar aurar da ƙananan yara da cire 'ya'ya mata daga makaranta, abin da ya faru da ita take faɗa.

Jam'iyyar teloli da mahauta

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. A Hausance ana ce mata Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta tauraro. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Abokiyar hamayyarta ita ce Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, mai alamar fartanya da taken Salama, wadda sarakuna da manyan ma'aikatan En'e suka mara wa baya.

Ƙarfin NEPU yana wurin masu ƙananan sana'o'i: teloli, mahauta, 'yan koli, 'yan tebur, masu gyaran keke, direbobi da malaman zaure. Akwai dalili. Ma'aikacin En'e da ya shiga adawa yana iya rasa aikinsa a yini ɗaya. Mai sana'a kuwa ba wanda ke biyan sa albashi, don haka bakinsa ya fi sakewa. Shi ya sa jam'iyyar ta yi saiwa a garuruwan kasuwanci da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Kano da Zariya da Jos, da kuma Gusau da Ƙaura Namoda a ƙasar Zamfara.

Amma shi ma mai sana'ar bai tsira ba. Rumfar kasuwa a hannun En'e take. Dagaci da hakimi ke yanka haraji. Izinin yin lacca daga En'e yake fitowa. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari ma nata ne. Mutum ya fito takara a inuwar adawa, sai ya tarar wanda yake takara da shi na hannun daman masu riƙe da duk waɗannan ne.

Tsarin zaɓen ma da nasa tarkon. A 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, aka kuma ba En'e damar ƙara mutanenta a matakin ƙarshe. 'Yan NEPU sun yi nasara a matakan farko a Kano, amma ko ɗaya bai kai ga majalisar Kaduna ba.

Cikin wannan hali Gambo ta yanki katin NEPU a Zariya tana da shekara 17. A lokacin reshen jam'iyyar yana yin taronsa a ɓoye saboda tsoron hukuma.

Yadda ta sami sunan Sawaba

Abin da ya fara fito da ita fili shi ne wata lacca da aka shirya a Zariya. Wuri ya cika da maza, kowa yana ɗari-ɗari da buɗe baki, sai ga yarinya ta hau dandamali ta yi magana.

Riwaya biyu ake kawowa kan asalin laƙabinta. Wasu sun ce Malam Aminu Kano ne ya raɗa mata shi. Wasu kuma sun ce wani jigon NEPU na Zariya da shi ma ake kira Gambo Sawaba ne ya fara kiran ta Sawabiya. Kalmar dai taken jam'iyyar ce, tana nufin samun sauƙi da 'yanci bayan ƙunci. Ta ma tsallaka iyaka, domin a Nijar jam'iyyar Djibo Bakary da sunan Sawaba aka san ta.

Ba da daɗewa ba aka zaɓe ta shugabar mata ta NEPU. Ta yi tattaki har Abeokuta don ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwar garin suka yi bore kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake Ademola ya sauka daga sarauta na wani lokaci a 1949. A can Gambo ta ga da idonta abin da matan kasuwa ke iya yi idan suka haɗa kai.

Da ta dawo sai ta ɗauki hanyar da maza 'yan siyasa ba su da ikon bi. Namiji baƙo iyakarsa zaure, ita kuwa har tsakar gida take shiga. A can take samun matan kulle, waɗanda yawancinsu masu sana'a ne: masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu fura, masu saƙa da kaɗi, masu adashi. Tana yi musu bayani kan haraji, da aikin tilas, da karatun 'ya'ya mata, da kuma dalilin da ya sa ya kamata a ji ra'ayinsu wajen zaɓen masu yin doka.

Kano, kotun alƙali da gidan yari

Wannan shiga gida-gida ita ta jawo mata ɗaurin farko. A 1952 jam'iyya ta tura ta Kano don ta tattara mata. Labari ya kai fada, aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin fito da matan kulle, aka yanke mata wata uku.

Fitowarta ba ta sa ta yi sanyi ba. An sake kama ta tare da mata kimanin 200 bisa laifin yin taro ba da izini ba, aka ɗaure su wata ɗaya-ɗaya. Daga bisani hukumar Kano ta ba da umarnin ta bar garin, aka raka ta har sai da aka tabbatar ta kama hanyar Zariya.

Daga nan gidan yari ya zama mata kamar gida na biyu. An ɗaure ta a garuruwa dabam-dabam na Arewa, har ta kai tana ajiye bargonta a kusa saboda ba ta san ranar da za a zo tafiya da ita ba.

Abin bai tsaya ga hukuma ba. Zamanin ne na 'yan bangar siyasa da ake kira 'yan mahaukata, masu farautar 'yan adawa. Tarihinta ya nuna cewa wasu maza shida sun taɓa yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji, suna zaton ta mutu. An taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba, ta kuma rasa haƙoranta na gaba. Sai da aka yi mata tiyata aka cire mahaifarta sakamakon azabar da ta sha.

Ban da duka, akwai ɓata suna. A wancan lokaci duk macen da ta fito siyasa a Arewa, sunan da abokan hamayya ke fara laƙaba mata shi ne karuwa. Wannan makami ya kori mata da yawa daga fage, domin ba kowane miji ko uba zai jure ba. Gambo ta jure.

Kujerar da aka rufe wa mata

A 1956, shekarar da aka yi zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Arewa, ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suna neman a ba matan Arewa damar zaɓe. Buƙatar ba ta biya ba. Matsayin NPC shi ne lokaci bai yi ba, kuma al'ada da addinin jama'a ba za su karɓi abin ba. NEPU kuwa tana cewa Musulunci bai hana mace faɗin ra'ayinta kan wanda zai shugabance ta ba.

A zaɓen na 1956 Malam Aminu Kano da kansa ya nemi kujerar Kano ta Gabas, ya sha kaye a hannun Alhaji Ahmadu Ɗantata na NPC, babban ɗan attajirin nan Alhassan Ɗantata. Sai a zaɓen tarayya na 1959 Malam ya sami shiga majalisar Legas. A zaɓen nan na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa suna gida.

Bambancin ya ƙara fitowa a 1961. A shekarar ce Margaret Ekpo, wadda ke da makarantar koyar da ɗinki da girki a garin Aba, ta ci kujerar Majalisar Dokokin Jihar Gabas. Mace mai ƙaramar sana'a ta tara matan kasuwa a bayanta, ta shiga majalisa. A shekarar ce kuma aka yi zaɓen majalisar Arewa, NPC ta kwashe kusan duk kujerun. Gambo, wadda ta yi irin aikin da Ekpo ta yi, ta kuma fi ta shan ɗauri, ko layin zaɓe ba a yarda ta shiga ba.

Kasuwanci a zamanin soja

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya kawo ƙarshen Jamhuriya ta Farko, sojoji suka haramta jam'iyyu. Da yawa cikin 'yan siyasar da suka riƙe muƙamai sun koma gida da abin hannunsu. Gambo ba ta riƙe muƙami ba, ba ta da fansho. Sai ta koma ga ƙananan saye da sayarwa, daga baya ta riƙa yin kwangila.

Abin da take samu ba ya kwana a hannunta. Gidanta na Sabon Garin Zariya a buɗe yake, kullum tukunya na kan wuta. Ta riƙe yara da dama da ba ita ta haife su ba, wasu marayu, wasu tsintar su ta yi a titi ko a asibiti, ba tare da duba ƙabila ko addini ba. Masu taɓin hankali da mabarata ma suna samun abinci da sutura a wurinta.

A wannan zamani na soja ne ƙofar da ta daɗe tana bugawa ta buɗe. An ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan Kundin Tsarin Mulki na 1979 ya tabbatar wa kowane baligi, mace ko namiji, 'yancin zaɓe da tsayawa takara. Shekara 20 ke nan tsakanin tattakinta zuwa ofishin Firimiya da ranar da matan Arewa suka fara shiga rumfar zaɓe.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, yawancin tsofaffin 'yan NEPU sun bi Malam Aminu Kano zuwa PRP. Ita kuwa ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. GNPP ta ci gwamnonin Borno da Gongola a 1979. A tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Anka da Gummi da Bukkuyum ke cikinta a lokacin, ita ce babbar jam'iyyar adawa a majalisar dokoki, inda NPN ke da gagarumin rinjaye.

A 1998 ta sanar da barin siyasa, tana kokawa da cewa aƙida ta gushe, kuɗi da son kai sun maye gurbinta. Ta rasu a watan Oktoban 2001 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tana da shekara 68. An sa wa babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ina aka kwana a yau?

Majalisar Dokokin Jihar Zamfara tana da kujeru 24. Biyar daga ciki na wani ɓangare ne na yammacin jihar: ɗaya ta Anka, biyu na Gummi, biyu na Bukkuyum. A zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta ci kujera a majalisar. Haka abin yake a majalisun Sakkwato da Katsina da Jigawa, da ita kanta Kano inda aka fara ɗaure Gambo.

A takarda hanya a buɗe take. Sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulki ya nemi mai son kujerar majalisar jiha ya kasance ɗan ƙasa, mai ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Gyaran da aka yi a 2018 ya rage shekarun takarar daga 30 zuwa 25. Babu inda aka ambaci jinsi ko yawan dukiya.

A aikace kuwa kuɗi ne mai gadin ƙofa. Gabanin zaɓen 2023, APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar jiha kan naira miliyan 2, PDP kuma naira dubu 600. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar wannan kujera ya kashe har naira miliyan 30. Jam'iyyun biyu sun yi wa mata rangwamen kuɗin fom, amma fom shi ne ƙaramin abu. Akwai deliget, akwai fosta, akwai motoci da mai, akwai wakilan rumfuna. Mai shagon kayan masarufi a Gummi, ko mai sayar da hatsi a kasuwar Nasarawar Burkullu, zai iya narkar da jarinsa kaf kafin a gama zaɓen fid da gwani. A yankin da matsalar 'yan bindiga ta tayar da ƙauyuka ta kuma durƙusar da kasuwanni, ko zagayen neman ƙuri'a ma sai an yi da shiri.

Ga mace nauyin ninki biyu ne. Har yanzu ana amfani da makamin ɓata suna da aka yi wa Gambo, sai dai yanzu ya koma Facebook da WhatsApp. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman a majalisu.

Ba ƙaramin abu ake rasawa ba. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke yin dokokin haraji da na kasuwanni da na makarantu da asibitocin jiha. Idan babu mai tebur ko mai injin niƙa ko mai ɗinki a zauren, to waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin rumfa ba su ne za su yanke nawa za a biya.

Gambo Sawaba ba ta da miliyoyi. Jarinta shi ne sanin gidaje ɗaya bayan ɗaya, da amanar da mata masu sana'a suka ba ta, da kuma jam'iyyar da talakawa ke riƙe da ita da kuɗin kati da karo-karo. Da wannan ta taimaka aka sauya dokar da manyan Arewa suka ce ba za ta sauyu ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu da na adashin mata suna nan a kowane gari na yankin, kuma su ne ke cika layi ranar zaɓe. Abin da ya rage shi ne su tsayar da nasu, su kuma tara masa abin da zai kai shi.

Allah Ya jiƙan Hajiya Gambo Sawaba, Ya sa Aljanna ce makomarta.